Yadda Ruwa Ke Cin Gini Ta Ƙasa da Hanyoyin Kare Harsashi

Idan aka yi maganar ɓarnar da damina ke yi wa gidaje a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne ambaliya, irin wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ko kuma mamakon ruwan da ya rusa tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, a cikin wannan watan dai. Sai dai akwai wata ɓarnar da ba ta shiga labarai saboda ba a rana ɗaya take aukuwa ba, wato ta ruwan da ke kwanciya a gindin bango, ya ratsa harsashi, ya riƙa hawa a hankali shekara bayan shekara, har gidan da aka zuba wa dukiya ya tsufa tun bai kai ko'ina ba. Harsashi, wanda ake kuma kira tushe, shi ne ɓangaren ginin da ke binne a ƙasa yana ɗauke da nauyin duk abin da ke sama, kuma kasancewarsa a binne shi ya sa aka fi yin sakaci da shi, domin mai gida yana ganin fenti da tayil da rufi a kullum, amma harsashi sau ɗaya yake ganinsa, kafin a mayar da ƙasa.

Hanyoyin da ruwa ke bi

Hanya ta farko ita ce ta ruwan sama da ke zubowa daga rufi, kuma lissafinsa mai sauƙi ne, domin kowace milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya daidai take da lita ɗaya. Ke nan rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 150 zai zubar da lita 7,500 a ruwa guda mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, kuma idan ba a yi wa wannan ruwa hanya ba, gaba ɗayansa a gindin bango yake sauka. Birnin Kano yana samun ruwan sama a shekara fiye da Landan, amma yayin da na Landan yake rarrabuwa a tsawon watanni goma sha biyu, galibin na Kano yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, cikin ƙarfi da gaggawa, a kan ƙasar da ba ta da lokacin shanye shi.

Hanya ta biyu ita ce ta tsotso. Bulo da kankare da fulasta, duk da taurinsu a ido, cike suke da ƙananan kafofi da ba a gani, waɗanda ke jan ruwa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa zuwa sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir daga cikin fitila. Gwargwadon ƙanƙantar kafofin, gwargwadon nisan da ruwan zai iya hawa, kuma yana tsayawa ne a inda abin da iska ke busarwa ya yi daidai da abin da bangon ke tsotsowa, wanda a yawancin gine-gine ba ya wuce kimanin mita ɗaya daga ƙasa.

Hanya ta uku ita ce ta matsin ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ke tasowa da damina ya kusanci doron ƙasa, musamman a fadamu da wuraren da ke kusa da rafi. A nan ruwan ba jira yake a tsotse shi ba, turawa yake yi da ƙarfinsa, kuma a zurfin mita ɗaya matsinsa ya kai kimanin nauyin tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita, abin da ya sa duk wata 'yar tsaga a jikin tankin ƙasa ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa take zama maɓuɓɓuga. Akwai kuma hanya ta huɗu wadda ba ruwanta da damina, wato ruwan da gidan kansa ke fitarwa: bututun da ke yoyo a cikin bango, sokawe ko salga da aka haƙa dab da ɗaki, da wurin alwala da wanke-wanke da aka jingina da katanga, waɗanda ke jiƙa wuri guda rani da damina.

Alamomi da illoli

Bangon da ya kamu ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san abin da zai duba. Daga ƙasa zuwa kusan gwiwa ko ƙugu launinsa yakan yi duhu, saman duhun kuma ya yi wani layi mai lanƙwasa, fentin da ke wurin ya kumbura ya yi ƙuraje, idan aka taɓa shi ya ɓare, a ƙarƙashinsa kuma a tarar da wani farin gari mai laushi da mutane kan ce gishiri ne ko kanwa. Ba su yi kuskure ba, domin ruwan da ke hawowa yana ɗauke da narkakkun gishirin ƙasa da na siminti, idan ya bushe sai ya bar su, su kuma su daskare a cikin kafofin fulasta, su yi ta tura ta daga ciki har ta rugurguje, ta yadda mutum zai iya kankare ta da farce.

Illar ba ta tsaya ga kyan gani ba. Idan danshi ya kai ga rodin da ke cikin kankare sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka sai ta fasa kankaren daga ciki, fashewar kuma ta ƙara buɗe wa ruwa hanya. Gara ma tana bin danshi zuwa katakon ƙofa da na rufi. Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2009 game da danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta danganta zama a ɗaki mai laima da ƙaruwar cututtukan numfashi, ciki har da asma, abin da ya fi shafar yara da tsofaffi, waɗanda su ne suka fi daɗewa a cikin ɗaki.

Ƙasa ba iri ɗaya ba ce

Irin kariyar da harsashi ke buƙata ya danganta da irin ƙasar da aka dasa shi a ciki. A yankunan Kano da Zariya, inda jar ƙasa da marmara suka yawaita a kan tsohon dutse, ƙasar tana da ƙarfin ɗaukar gini, amma akwai wuraren da ruwa ke sauka ya ci karo da tauri a ƙasa kaɗan, sai ya tsaya nan tsawon damina. A wurare masu rairayi ruwa yana wucewa da sauri, sai dai yana iya tafiya da ƙasar da harsashin ke zaune a kai. Mafi wahala ita ce baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, wadda ke kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsuke ta dare idan ta bushe, ta yadda take ɗaga gini da damina ta sauke shi da rani, har bango ya tsage. A irin wannan ƙasa shafe-shafe ba ya wadatarwa, sai an sauya fasalin harsashin kansa, ko dai a zurfafa shi zuwa inda danshin ƙasa ba ya sauyawa, ko a zuba faffaɗan kankare mai rodi a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya domin ya motsa a matsayin abu guda.

Akwai kuma ƙasar da mutane suka samar da hannunsu. Kududdufan da ke cikin tsofaffin birane irin su Kano sun samo asali ne daga haƙar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwa, kuma da aka cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzai aka yi gini a kai, sai aka sami matsala biyu a lokaci guda: ginin da ke kan cikon yana zaune ne a kan ƙasar da ba ta gama zama ba, ruwan da a da yake taruwa a wurin kuma ya koma neman mafaka a gindin gidajen maƙwabta.

Abin da maginan gargajiya suka sani

Ginin ƙasa ya fi kowane gini tsoron ruwa, shi ya sa maginan ƙasar Hausa, tun daga zamanin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, suka tsara aikinsu a kan nisantar da shi. Sukan yi bangon tubali da kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama, su fitar da indararo nesa da jikin bango domin ruwan soro ya zuba can gefe, su kuma yi dakali a gindin katanga, wanda ban da amfaninsa na zama, yana tare fantsamar ruwan sama da ke zaizaye gindin bango. Sukan gauraya ƙasar yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wadda ke ƙara wa yaɓe da daɓe juriya, inda kuma ake son kariya ta musamman sai a yi laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin jima da kuma yauƙin dafara. Sama da duka, gyara al'ada ce ta shekara-shekara, ana sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Haka abin yake a Jenne ta ƙasar Mali, inda babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yake zaune a kan tudun da aka ɗaga domin kauce wa ambaliya, jama'ar gari kuma suke taruwa kowace shekara su sake yaɓe shi.

Da siminti ya shigo sai aka ɗauka cewa ya raba mutane da wannan hidima, aka bar tsohuwar al'adar kula, ba a kuma ɗauki ƙa'idojin sabon ginin gaba ɗaya ba. Misali mafi bayyana shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Bangon ƙasa yana shan danshi ya kuma fitar da shi, amma idan aka lulluɓe shi da siminti sai ruwan da ya shiga ta tsaga ko ya hawo daga ƙasa ya rasa mafita, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, fulastar ta rabu da ita, idan aka ƙwanƙwasa a ji amon rami, wata rana kuma ta ɓamɓaro gaba ɗaya a tarar gindin bangon ya cinye.

Matakan kariya a ginin zamani

Kariya tana farawa ne daga ingancin kankaren kansa. Haɗin da aka saba amfani da shi a kankare mai rodi shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da ruwan da bai wuce kimanin lita 25 ga buhun siminti mai kilo 50 ba, ko da yake lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin juyawa. Rarar ruwan nan idan ta bushe, gurabenta ne ke zama kafofin da danshi zai bi daga baya. Ana buƙatar a girgiza kankaren ya zauna ba tare da ramuka ba, a bar tazarar aƙalla santimita 5 tsakanin rodi da gefen da ke taɓa ƙasa, a kuma riƙa ba shi ruwa har kwana 7, domin siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa ake auna ƙarfinsa bayan kwana 28. Bulon da ke ƙasa kuwa, wanda galibi mai inci 9 ne, ana cike ramukansa da kankare don kada su zama ma'ajiyar ruwa.

Mataki na biyu shi ne shafe bayan bangon da zai shiga ƙasa. Ana yi masa fulasta mai santsi, a cike kusurwar da bango ya haɗu da kankaren tushe domin kada ruwa ya kwanta a nan, a bari ya bushe, sannan a shafa kwalta hawa biyu, na biyun bayan na farko ya kama. Wannan ya isa ga danshin ƙasa na yau da kullum, amma inda ruwa ke tsayawa yana matsawa, ana buƙatar shimfiɗar kwalta mai kauri wadda ake narka bayanta da wuta a manna, gefunanta suna hawa kan juna. Kowace aka yi, sai an kare ta da allo ko wani abu makamancinsa kafin a mayar da ƙasa, domin dutse ɗaya mai kaifi ya isa ya huda ta. Akwai kuma sinadaran da ake zubawa cikin kwaɓi don rage shan ruwa, waɗanda suke taimakawa, amma ba sa gyara kwaɓin da aka tauye wa siminti.

Mataki na uku, wanda ya fi kowane muhimmanci ga gidajen zama, shi ne shimfiɗar katse danshi, wadda magina ke kira DPC, wato wani abu da ruwa ba ya ratsawa, kamar leda mai kauri ko shimfiɗar kwalta, da ake ɗorawa a kan faɗin bango gaba ɗaya domin ya yanke hanyar tsotso. A Ingila ƙa'idojin gini sun fara neman a sa ta ne bayan dokar kiwon lafiyar jama'a ta 1875, lokacin ana amfani da fallayen dutse, kuma ƙa'idar da aka gada ita ce ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, don kada fantsamar ruwa ta tsallake ta. A ƙarƙashin daɓen ɗaki kuma, bayan an yi ciko an daddaɓe shi hawa-hawa, ana baza yashi mai laushi, a shimfiɗa leda mai kaurin kimanin rubu'in milimita, gefunanta su hau kan juna da aƙalla santimita 15, a kuma haɗe ta da ta kan bango, sannan a zuba kankare.

A nan ne aikin ya fi lalacewa. A wuraren gini da yawa za a ga an shimfiɗa siririyar leda kai tsaye a kan ɓaraguzan bulo, leburori suna tura baro a kanta, ƙarshen rodi yana yaga ta, mai aikin famfo ya zo ya tsaga ta da wuƙa domin fitar da bututu bai liƙe wurin ba, kafin la'asar kuma kankare ya rufe komai. A wasu wuraren ma ba a sa ledar, sai a zuba siririn kankare a ɗauka ya wadatar. Wani kuskuren kuma shi ne a yi shimfiɗar daidai, amma fulastar waje ta sauko ta haye ta har ƙasa, ko a tara ƙasar fulawa a jikin bango sama da ita, sai danshi ya sami gadar da zai zagaye ta.

Nisantar da ruwa

Duk ingancin abin da aka shafa, harsashin da ke zaune cikin ruwa wata huɗu a shekara zai gaji, don haka masana gini suka fi ba da ƙarfi ga hana ruwan zuwa tun farko. Ana son ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje da kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko, a yi daɓen kankare kewaye da gindin bango, a sa mazurarin rufi da bututun da zai kai ruwa kwata, sokawe kuma a nisanta shi da ɗakuna. Inda ruwan ƙasa ke tasowa ana haƙa rami a gefen harsashi, a shimfiɗa bututu mai huji-huji a cikin tsakuwa, a naɗe su da wani yadi da ke barin ruwa ya wuce ya tare laka, a karkata bututun zuwa wuri mai gangara. Wani Ba'amurke mai suna Henry French ne ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na 1859 kan tsane gonaki, kuma sharaɗinta shi ne a sami inda ruwan zai fita, in ba haka ba ramin ya zama tafki a gindin gida.

Tsayin daɓen gida ma abin lura ne, domin titunan unguwanni suna ƙara tudu duk lokacin da aka yi ciko ko aka zuba kwalta, ta yadda gidan da a da ake hawa matakala a shiga, yau sai an gangara. Wanda zai yi sabon gini ya kamata ya auna daɓensa da tsayin da titin zai kai bayan an gyara shi, wanda zai sayi fili kuma ya fi masa ya je ya gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, maimakon a watan Maris.

Idan gini ya riga ya kamu

Abin da aka fi yi shi ne a manna tayil a gindin bango ko a sake fenti mai sheƙi, alhali wannan yana toshe wa danshin mafita ne kawai, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin. Gyara na gaskiya yana farawa ne da gano tushen ruwan, domin sau da yawa bututu ne ya fashe ko kwata ta toshe, kuma da an magance wannan bangon zai bushe da kansa cikin watanni. Idan daga ƙasa ne, ana tone gefen harsashi a shafe shi a sa magudana, amma kashi-kashi, ba a buɗe tsawon bango gaba ɗaya a lokaci guda don kada ya zauna. Ana iya yanka bangon kaɗan-kaɗan a cusa shimfiɗar katse danshi, ko a huda layin siminti a ɗura sinadarin da ke korar ruwa, ko da yake wannan bai cika yin tasiri a bulo mai rami ba. Fulastar da gishiri ya ci kuwa dole a sassaƙe ta har sama da inda alamar ta tsaya, domin gishirin da ya rage yana jan danshi daga iska ko bayan an katse ruwan ƙasa. Kowane daga cikin waɗannan ayyuka ya fi kuɗin ledar da kwaltar da aka ƙi saya da farko nesa ba kusa ba, shi ya sa karin maganar nan ta tun ran gini ran zane ta dace da wannan fage.

Batun sa ido

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, akwai kuma hukumomin da ke rajistar injiniyoyi da magina, da hukumomin tsara birane na jihohi masu ba da izinin gini, amma galibin gidajen talakawa da masu matsakaicin hali ana gina su ne kaɗan-kaɗan, tsakanin mai gida da birkila, ba tare da wani jami'i ya leƙa ramin harsashi ba. Ga shi kuma irin wannan gini yakan tsaya a matakin tushe shekara biyu ko uku ana jiran kuɗi, ruwa yana kwanciya a cikinsa, rana tana cin ledar da aka bari a fili. Tun da haka ne, nauyin ya koma kan mai ginin, kuma lokacin da sa idonsa ke da amfani gajere ne: ranar da ake kwaɓa kankaren tushe, ranar da ake shafa kwalta kafin a mayar da ƙasa, da ranar da ake shimfiɗa leda kafin a zuba daɓe. Wanda ba zai iya biyan injiniya ya kula da aikin gaba ɗaya ba, zai iya biyansa ya halarci waɗannan ranaku uku, domin duk wani kuskure da aka yi a sauran sassan gida ana iya gyara shi daga baya da tsani da cokalin gini, amma na harsashi sai an fasa daɓe ko an tone gida.